Darasi na Goma Sha Uku

Babana Barmo majemi ne a Bagalam,
shekara arba'in hannunsa cikin ruwan bagaruwa,
har farce ya rine, sabulu ya sallama.
Ni lakwal na yi, na dawo da takarda
wadda ba ta sayen ko tiya ɗaya ta hatsi.

Wani dare kuran ya ɗauke, muna zaure,
na aza salula a gwiwarsa, na ce, Baba, yi magana.
Ya ce, da wa?
Na ce, da duniya.
Ya yi ta zuba: toka, kartaji, kashin tantabara,
yadda fatar jar akuya ke shan mai,
yadda karan dafi ke kama ta.
Rabin zancen tari ne, rabi zagin wani dillali
da ya cuce shi tun ba a haife ni ba.

Na kwashe na ba na'ura mai ƙirƙirarriyar basira.
Kafin ladan ya kira assalatu
ta tsince tarin, ta share dillali,
ta jera darasi goma sha biyu, kowane da kai da wutsiya,
ta juya su Faransanci, ta zana hoton talla,
har farashi ta yanka mini: jika biyar.
Abin da tsoho ya tara tun yana ɗan tsako
ta ɗaure shi dami guda, shayina bai huce ba.

Kuɗi suka riƙa shigowa kamar kaji da magariba.
Damagaram, Katsina, wani ɗan ci-rani a Abijan.
Na saya wa Inna Sahiya buhun shinkafa,
na biya mai kabu-kabu bashin wata uku.
Na ce, Baba, ɗalibanka sun kai saba'in.
Ya leƙa ƙofa, ya ce, ina takalmansu?

Sai ga muryar wani Tankari daga Tasawa,
tana rawa kamar ya sha gudu:
fata goma sha ɗaya, duk na bashi, sun ruɓe.
Darasi na huɗu ya ce kwana uku a jiƙo,
na ƙirga uku, ban rage ba, ban ƙara ba.

Na koma kan muryar Baba, na saurara sau biyu.
Bai ce uku ba.
Cewa ya yi, sai ta yi.
Na'ura ba ta son rami a hanya,
ta ga gurbi, ta cike shi da lamba,
ni kuwa na sayar ban karanta ba.

Baba bai yi faɗa ba.
Ya kama wuyan hannuna, ya tsoma a kwatarniya,
wari ya doki hancina har na yi hawaye.
Ya ce, murza.
Na murza.
Da bazara takan yi da wuri, da ɗari takan yi nawa,
ruwan rijiya da halinsa, na gulbi da nasa.
Yatsa ke faɗi, hanci ya yi shaida.

Na mayar wa Tankari jikarsa biyar.
Baba ya zaɓi fata huɗu daga rataya,
ya ce a ba direban Tasawa.

Yanzu muna kan darasi na goma sha uku.
Wata biyu, bai ƙare ba.
Ban kori na'ura ba, tana nan tana aikinta,
ita ke amsa masu saye in na yi barci,
ita ke gyara sauti in jaki ya yi kuka a baya.
Amma kowane layi sai na karanta wa tsoho da ƙarfi,
ya ce bari, ko ya ce goge,
wani lokaci ya yi shiru har in zaci ya yi gyangyaɗi.

Jiya ta tambaye ni ranar da za a saki darasin,
don ta shirya talla.
Na dubi Baba, yana murza wata fata, bai ɗago ba.
Na rubuta mata: sai ya yi.